Ina so in gina gidan ƙasa kusa da Mai Wurno, 'yan'uwa suna cewa na zautu

Baƙon Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, shawara nake nema a kan wani al'amari da ya daɗe yana yi mini yawo a zuciya. Shekara goma sha tara ke nan ina sana'ar ɗinki a Jidda, kuma cikin ikon Allah na tara abin da zai ishe ni in kafa gida a filin da na gada daga mahaifina, a wani ƙauye kusa da Mai Wurno, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan, wanda bai yi nisa da kogin Nil Azrak ba. Gidan da nake so babba ne, irin wanda a nan Saudiyya za a kira filla: ɗakunan kwana huɗu, da diwani na baƙi, da hoshi biyu, wato tsakar gida, ɗaya na maza ɗaya na mata, da madafa da rumbun ajiya.

Abin da ya raba ni da dangina shi ne kayan ginin. Yayana ya gina nasa da bulon siminti, ya rufe da kwano, ya sa tagogin gilashi manya kamar yadda ya gani a nan. Da na kai masa ziyara a watan Mayu, tun daga hantsi har bayan isha ba mai iya zama cikin ɗakunan, kuma da zarar an ɗauke wuta sai kowa ya ja angarib ɗinsa, wato gadon igiya, ya koma gindin darbejiya. Ni kuwa ban manta da ɗakin jalus na kakanmu ba, wato ginin ƙasa da ake ɗorawa sahu-sahu ba tare da bulo ba, wanda idan ka shiga da azahar sai ka ji kamar ka leƙa cikin randa. Saboda haka na ƙudura in yi gini da ƙasa da itace da gora da kaba, kuma maginan garinmu da masassaƙanmu su ci kuɗin aikin, maimakon ya tafi wajen masu sayar da siminti da rodi waɗanda farashinsu ya haura tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023.

Tambayoyina su ne: ƙasar filin nan baƙa ce mai tsagewa da rani, shin za ta ɗauki ginin ƙasa? Yaya zan kare katanga daga ruwan harif, wato damina? Kuma har yanzu akwai maginan da suka iya wannan aiki da kyau, ko kuwa sai dai labari? Duk wanda ya sani ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Magini ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne yake rubuta mini wannan, domin idona ba ya ganin rubutun waya. Na yi aikin gini tsakanin Sinnar da Wad Madani fiye da shekara arba'in, kuma na fara da jalus kafin in taɓa riƙe bulo, saboda haka bari in gaya maka abin da hannuna ya sani.

Ba ka zautu ba, amma kada ka ɗebi baƙar ƙasar filinka ka yi katanga da ita yadda take. Laka ta yi mata yawa, idan ta bushe sai ta ja jikinta ta dare tun daga sama har ƙasa, kuma ka san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙasar gini ita ce wadda laka da yashi suka haɗu a cikinta, kuma kusa da kogi ana samunta. Ka sa a kwaɓa kaɗan, a mulmula ta kamar kaurin babban yatsa, a tura ta a hankali daga bakin tafin hannu. Idan ta karye nan take, yashi ya yi yawa. Idan ta yi ta tsawo tana lilo ba ta yanke ba, laka ce ta yi yawa, sai a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa. Bayan an kwaɓa, a bar ta ta kwana biyu ko uku a jiƙe ana tattakawa. Yaran yanzu suna kwaɓawa da safe su ɗora da hantsi, sa'an nan idan gini ya faɗi a ce laifin ƙasa ne.

Jalus sahu-sahu ake ɗora shi, kuma ba a ɗora sahu a kan ɗan'uwansa sai na ƙasan ya sha iska ya yi ƙarfi. Kaurin katanga kada ya gaza kamu guda, gindin ya fi sama faɗi. Wannan kaurin shi ne sirrin sanyin ɗakin kakanka: zafin rana yana ɗaukar yini guda kafin ya ratsa, kafin ya iso ciki dare ya yi, mutane sun fita hoshi. Aikin kuma na sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, don ya gama bushewa kafin ruwan farko.

Kakana, wanda iyayensa suna cikin mutanen da suka yi hijira zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ya sha ba ni labarin ginin ƙasar Hausa, inda ake yin tubali a jera, a rufe soro da azara ta namijin giginya wadda gara ba ta ci, a shafe katanga da makuba da ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ni ban taɓa yin aiki da makuba ba. Abin da muka tarar a nan shi ne zibala, kashin dabbobi da ƙasa da ake tsimawa kwanaki kafin a yaɓa, kuma tana kore ruwa sosai muddin ana sabunta ta kafin kowane harif. Rufinmu kuwa mirig ne, wato babban gungumen itace, a tsakiya, sanduna a kansa, sa'an nan gora da tabarmar kaba, a bi da ƙasa. Ka sa ido a kan indararo, wanda a nan ake ce wa sabaloga. Ya zama dogo, ya zubar da ruwa nesa da gindin katanga, domin yawancin ɗakunan da na ga sun zube, daga ɗigon indararo ɓarnar ta fara.

Game da magina, muna nan, amma mun tsufa. Idan za ka yi, ka ɗauki tsoho ɗaya ya tsaya a kan aikin, ka haɗa shi da samari huɗu ko biyar, ka biya su da yini, kada ka ba su jinga, don jinga ita ce ke sa gaggawa.

Injiniya daga Gadarif ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya a kan katanga, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni zan tsaya a kan abin da ke ƙarƙashinta, domin a nan ne kuɗinka zai tsira ko ya nutse, Alhaji.

Baƙar lakar da ta shimfiɗu daga Jazira zuwa Sinnar da Gadarif tana kumbura idan ta sha ruwa, tana kuma ƙanƙancewa idan ta bushe, har ta buɗe ramukan da hannu ke shiga. Motsin nan ba ya tafiya daidai a ko'ina: gefen gidan da ruwa ya taɓa yana ɗagawa, tsakiya kuma tana nan yadda take, sai katanga ta karye a kusurwar ƙofa ko taga. Wannan ba ruwansa da ko ginin na ƙasa ne ko na siminti. A Gadarif akwai gine-ginen kankare da aka kashe musu dukiya suka tsage cikin 'yan shekaru, alhali guttiyya, wato bukkar ciyawa, tana tsaye kusa da su, saboda ba ta da nauyi kuma tana bin motsin ƙasa. Don haka kafin ka sayi ko da itace ɗaya, ka sa a haƙa rami biyu ko uku a filin a ga zurfin baƙar lakar. Idan ba ta da zurfi, a kwashe ta a cike da tsakuwa da yashi a daddage. Idan ta yi zurfi, babu makawa sai an huda ƙasa an zuba ginshiƙan kankare har su wuce inda danshi ke canzawa tsakanin rani da damina, a ɗora katakon kankare a kansu, a bar ɗan sarari tsakaninsa da ƙasa don ta sami wurin kumbura. Na san wannan ya saɓa wa burinka na guje wa siminti, amma simintin da zai shiga harsashi kaɗan ne idan aka kwatanta da na gida sukutum.

A kan harsashin, ka tayar da dakali na dutse ko jan bulo har ya kai kusan rabin mita sama da ƙasa, sa'an nan ginin ƙasa ya fara. Ambaliyar Khartum ta Agustan 1988 da ta 2020, wadda ta rusa ko ta lalata gidaje fiye da dubu 100 a faɗin ƙasar nan, duk abu ɗaya suka nuna: katangar ƙasa tana jure ruwan da ke sauka a kanta, amma ba ta jure ruwan da ya kwanta a gindinta. Ka kuma nisantar da ramin bayan gida da famfo da bishiyoyi daga katanga. Darbejiya tana da inuwa mai daɗi, amma saiwarta tana tsotse danshi daga gefe ɗaya, abin da ke jawo tsagewar da muke gudu.

Inda zan ɗan bambanta da Baba shi ne a kan jalus ɗin kansa. Ga gida mai girman naka, na fi son bulon ƙasa da ake matsewa da ƙaramin injin hannu, a gauraya ƙasar da siminti kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ko kuma da farar ƙasa, wato jir, idan laka ta yi yawa, domin jir ya fi jituwa da laka. Ba a gasa shi, ana dai lulluɓe shi ana yayyafa masa ruwa na wasu makonni. Yana fitowa da kusurwa madaidaiciya, kuma ba ya bukatar zibala kowace shekara. Da irinsa Francis Kéré ya gina makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, kuma dabarar rufinta ta cancanci a kwaikwaya: silin na bulon ƙasa a ƙasa, kwano a ɗage can sama da shi, iska tana ratsawa tsakaninsu tana kwashe zafi, bakin kwanon kuma ya zarce katanga sosai yana kare ta daga ruwa da rana. Kwano ba shi ne abokin gaba ba. Ɗora shi kai tsaye a kan kawunan mutane shi ne kuskuren gidan yayanka. A nan gida ma, cibiyar tiyatar zuciya ta Salam da ke Soba kusa da Khartum, wadda aka buɗe a 2007 kuma ta sami kyautar Aga Khan a 2013, katangarta ta waje ruɓi biyu ce ta bulo, da abin tare zafi a tsakani, ga kuma saƙaƙƙun asabarai masu yi wa baranda inuwa.

Wani zai ba ka shawarar rufin baka irin na Nubiyawa, wanda Hassan Fathy ya yi amfani da shi a Sabuwar Gurna ta Masar a shekarun 1940. Yana da kyau, ba ya cin itace, amma faɗin ɗakin ba ya wuce mita uku da 'yan kai, yana tura katanga waje, kuma ba ya yafe motsin harsashi ko kaɗan. A kan baƙar laka ba zan sa hannu a kansa ba.

Abu na ƙarshe, ka shimfiɗa tsawon gidan daga gabas zuwa yamma, tagogi su fuskanci arewa da kudu suna kallon juna, domin iskarmu daga arewa take zuwa da sanyi da rani, daga kudu kuma da harif. Katangar yamma ka rufe ta da rakuba, wato rumfa, ko ka ajiye rumbu a can.

Hajiya a Makka ta amsa:

Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, domin na ga duk masu amsawa maza ne, kuma namiji yakan tuna sanyin ɗakin kakansa amma ba ya tuna wadda take share shi. Ni a gidan jalus na girma kafin aure ya kawo ni Makka. Na san ƙurar da ke zubowa daga rufi a kan shimfiɗa da kwanon abinci, na san gara da ke cin sanduna daga ciki ba a sani ba sai ranar da suka karye, na san kunama a tsagar bango, kuma na san daren da ruwa ya fara yoyo muka kwana muna jan angarib daga wannan kusurwa zuwa waccan. Warin zibala ma sai ya yi kwanaki kafin ya bar gida.

Ban ce kada ka yi ba. Amma tambayar da ban ga kowa ya yi maka ba ita ce, wa zai zauna a gidan? Idan kai kana Jidda kana zuwa wata ɗaya a shekara, ka sani gidan ƙasa ba ya son kulle. Yana bukatar wanda zai hau rufi bayan kowane ruwa ya toshe tsaga, ya share indararo, ya ga hanyar gara tun tana siririya ya kankare ta. Gidan siminti za ka iya rufe shi shekara uku ka dawo ka tarar da ƙura kawai, shi ya sa mutanenmu da ke aiki a nan suke zaɓensa, ba don duk ba su san daɗin ƙasa ba.

Idan ka nace, to ka zauna da maiɗakinka ta faɗi nata kafin a ja igiya. Madafa da wurin wanka a yi musu daɓe da shafe mai wankuwa, a sa silin mai tare ƙura, a sa raga a tagogi saboda sauron harif, a ware wa ziri, wato randar ruwa, wurinsa a inuwa inda ɗigonsa ba zai taɓa katanga ba. Akwai kuma bakin mutane. A garuruwanmu wanda ya yi shekara goma sha tara a Saudiyya ya dawo ya gina jalus, cewa za a yi bai samo komai ba, kuma maganar tana iya bin 'ya'yansa har wajen neman aure. Kai kana iya toshe kunne, amma ka tabbata iyalinka ma za su iya.

Ɗalibin zanen gine-gine a Jidda ya amsa:

Kawu, tunda kana Jidda, wata Juma'a bayan la'asar ka zaga Balad, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Gidajen can, irin su Baitu Nasif, da dutsen murjani na bakin teku aka gina su, kuma idan ka lura za ka ga layin katako kwance cikin katanga bayan kowane 'yan sahu, wanda ke ɗaure ginin yana raba nauyi. Ka duba rawashin, tagogin katakon nan masu fitowa waje, yadda suke shigar da iska da haske mai laushi ba tare da na waje ya ga na ciki ba. Sawakin ma, tsohuwar tashar jiragen ruwan Sudan, da irin wannan gini aka san ta, kafin a bar ta ta zube bayan an mayar da tashar jiragen ruwa Bur Sudan. Ba ina cewa ka kwafi Balad ba ne, domin Jidda gari ne mai gumi da ke bukatar iska dare da rana, Sinnar kuwa zafinta busasshe ne yawancin shekara, ta fi bukatar kauri da ƙananan tagogi. Amma masassaƙin garinku zai iya yi maka tagar katako mai ramuka maimakon gilashi. A Asir kuma, kudu maso yammacin Saudiyya, inda ruwan sama ya fi yawa, ana soka faffaɗan duwatsu jere-jere a jikin katangar ƙasa don su karkatar da ruwa, dabarar da za ta amfani katangarka ta kudu.

Ina da ja a kan itace. Giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa azara, kuma jan bulon da ake gasawa a bakin kogi yana cin itace mai yawa, saboda haka ba duk abin da aka samo a gida ne ba ya ɓarna ba. Bagaruwa, wadda ake kira sunut, tana da ƙarfi har da ita ake yi wa layin dogo matashi, kuma dazuzzukanta na bakin Nil Azrak suna ƙarƙashin hukumar gandun daji, don haka ka saya ta hanyar da aka halatta. Gora kuma a sare ta da rani bayan ta ƙosa, a jiƙa ta cikin ruwa makonni ko a tsoma ta a ruwan boraks, in ba haka ba ƙwaro zai mayar da ita gari. Kada kuma ka yarda a shafe katangar ƙasa da siminti: ba sa kama juna, danshi yana taruwa a bayansa, wata rana ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Shafen jir da yashi ya fi, don yana barin katanga ta fitar da danshinta.

Baƙon Jidda ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Hajiya, maganarki ta fi ta kowa zafi, kuma na karanta wa maiɗakina ita ta waya, ta yi dariya ta ce da ma abin da take son gaya mini ke nan tun bara. Mahaifiyata da ƙanena da iyalinsa ne za su zauna a gidan kafin in dawo, saboda haka ba zai kasance a kulle ba, amma na yarda ban taɓa tunanin silin da daɓen madafa ba.

Abin da muka tsayar yanzu shi ne, ƙanena zai sa a haƙa ramukan gwaji da zarar harif ya wuce. Ba zan fara da gidan gaba ɗaya ba. Za mu gina diwani kaɗai tukuna, a kan harsashi da dakali yadda Injiniya ya bayyana, da rufi mai hawa biyu, mu bar shi ya ga rani ɗaya da damina ɗaya. Katangar hoshi kuwa jalus za a yi, domin ina so samarin garin su koya a hannun tsoho tun yana da ƙarfin tsayawa, kuma idan ta tsage asarar ba ta da yawa.

Baba, saura tambaya ɗaya gare ka. Idan aka gama jalus a watan Fabrairu, za a iya shafa jir nan da nan, ko sai an jira?

Tsohon Magini ya amsa:

A jira, ɗana. Sabuwar katanga tana zama a hankali, tana kuma ci gaba da bushewa daga ciki ko da fuskarta ta yi fari. Shekarar farko a yi mata zibala kawai ta wuce harif da ita. Idan sanyi ya dawo, a duba inda ta tsage a cike, a kakkarce fuskarta da ƙusa ko bakin lauje don shafen ya sami abin kamawa, a yayyafa mata ruwa, sa'an nan a shafa jir siriri sau biyu, da sassafe ko da yamma, kada a yi shi cikin tsakar rana.